Ki Bar Yaro Ya Ɓata Hannunsa Da Launi

'Yan uwana mata, sau da yawa idan uwa ta tarar ɗanta ya dama jar ƙasa ya shafe bangon ɗaki, tsumagiya take fara nema. Ni kuwa da na reni 'ya'ya biyar a nan Lafagu ta ƙaramar hukumar Bagudo, na fahimci cewa wannan ɓarnar ita ce karatun yaro na farko.

Ɗan shekara 2 zuwa 5 da hannunsa yake gane duniya. Duk layin da ya ja da launi, yana horar da yatsun da gobe za su riƙe alƙalami. Ranar da autata ta haɗa ruwan kurkum da shuni ta ga kore ya bayyana, sai ta rugo tana cewa, "Inna, daga ina wannan ya fito?" Babu wanda ya koya mata, hannunta ne ya gano.

Kuma ba sai kin je kasuwa sayen fenti ba, kayan suna madafinki. Soɓorodo zai ba ki ja, kurkum rawaya, farar ƙasa fari, gawayi da ƙaro kuwa baƙi, kamar yadda ake haɗa tawada. Ki zuba ɗan koko don ya yi kauri, ki ba shi gashin kaza da tsohon kwali, ki sa masa tsohuwar riga, ya zauna a inuwa kusa da ke. Kada ki kama masa hannu, ki dai tambaye shi abin da ya zana. Ai masu yi wa allo zayyana da masu zanen lalle duk da irin wannan wasa hannunsu ya faɗa.

Sai dai a kula: kada a ba yaro ragowar fentin mai na gini, domin wasunsu na ɗauke da dalma, ga shi yaro komai baki yake kaiwa. Dalma na lalata ƙwaƙwalwa. A 2010 gubarta, wadda ta fito daga dutsen zinare, ta kashe yara sama da 400 a Zamfara.

Riga dai ruwa da sabulu za su wanke ta, amma yaron da aka tsorata da duka ba lalle ya sake gwadawa ba. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.