Gejin Mai da Littafin Akawu

Kowace sana'a a duniyan nan da irin ma'auninta. Mai hatsi yana da mudu da tiya, mahauci yana da sikeli, maɗinki kuwa ba ya rabuwa da abin awonsa a wuya. Duk waɗannan, mai saye yana tsaye ake auna masa, in an tauye ya gani, ya yi magana. Amma akwai wani ma'auni wanda ba a ganin abin da yake aunawa, sai dai a karɓi labarin da ya bayar, shi ne gejin mai da ke gaban direba. Fetur yana can ɓoye cikin tanki a bayan mota, direba yana nan gaba riƙe da sitiyari, ba abin da ya haɗa su sai 'yar allura guda. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to, shi direba ji kaɗai gare shi. In allurar nan mai gaskiya ce ya isa gida lafiya, in kuwa ta saba ƙarya, wata rana sai ya kwana a daji.

Ni akawu ne a ƙasar Ikara, aikin da tsofaffinmu har yau suke kira aikin En'e, ko da yake tun 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi. Ban yi karatun injiniya ba, allo na yi, sa'an nan firamare. Abin da ya koya mini sha'anin mota, wata tsohuwa ce da kawuna ya danƙa mini amanarta sa'ad da idonsa ya fara rauni. Ƙarama ce, kujera biyu, rufin tamfol, ƙirar Ingila, cikin dangin motocin nan na masu son gudu, irin su MG da Triumph. A zamaninsu an yi su da yawa, don kuwa samfurin MGB kaɗai, wanda aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, ya haura dubu 500. Kawu ya saye ta hannun wani Bature malamin makaranta a Samaru da zai koma gida. Da sitiyarinta a dama ta zo, sai da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972 aka mayar da shi hagu, aka kwance wayoyin gaban direba duka aka sāke ɗaura su. Wannan magana mai karatu ya riƙe ta, za mu komo kanta.

Wata ranar Litinin cikin bazara na ɗauki Kawu daga Ikara za mu asibitin Shika, likitan ido ya ba shi ranar da zai duba shi. Allura tana nuna mai ya kusa rabin tanki, wanda ya isa zuwa da dawowa har da saura. Muka wuce Makarfi lafiya. Ba mu kai Tashar Yari ba sai mota ta yi tari sau biyu, ta ja da ƙyar, ta mutu a gefen wata gonar rake. Na duba allura, tana nan inda take, ko gezau.

Kawu ya ce, "Ɗana, kada ka taɓa bonet tukuna. Murɗa makulli, ka yi shiru."

Na murɗa. Sai muka ji ƙas-ƙas-ƙas daga baya, da sauri, ba tsayawa.

Ya ce, "Ka ji? Iska take sha. Tankinka a bushe yake."

Na ce, "Kawu, ga allura tana cewa akwai."

Ya yi murmushi, ya ce, "Ita allura ba ta taɓa shiga tanki ba. Famfo kuwa can yake kwana."

Wani mai babur ɗauke da rake ya taimaka ya kai ni inda na sami galan guda. Muka isa Shika rana ta take, an riga an rufe karɓar kati, aka sāke ba mu wata rana bayan mako biyar. Mako biyar ga mai lafiya ba kome ba ne, amma ga tsohon da duhu ke ƙaruwa a idonsa kowace safiya, abu ne mai nauyi. Tun ran nan na ƙudura sai na san yadda wannan allura take samun labarinta.

Na kai motar wurin wani tsohon makaniki a Makarfi, wanda ya koyi aiki tun zamanin da Fijo 504 ke fitowa sabuwa daga Kaduna. Ya kwance abin da ke cikin tankin ya ajiye mini a kan buhu. Ashe wata 'yar gwangwani ce mai iska a ciki, a bakin wani siririn ƙarfe, tana yawo a kan fetur kamar yadda gora ke yawo a kan ruwa. In mai ya ƙaru ta tashi, in ya ragu ta sauka. Ɗaya bakin ƙarfen yana goga jikin wata waya da aka naɗe. Sa'ad da tanki ya cika, hanyar da wuta za ta bi cikin wayar takan gajarta, wuta ta wuce da yawa. Sa'ad da mai ya yi ƙasa, hanyar ta yi tsawo, wuta ta ragu. A bayan allura kuma akwai wani ɗan falle da aka yi da ƙarfe iri biyu a manne, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa in ya ji zafi. Wutar nan ita ke ɗumama fallen, ya lanƙwashe, ya tura allura sama. Shi ya sa in an kunna irin waɗannan motoci allurar ba ta zabura, sai ta riƙa hawa sannu sannu.

Sai na ce, "Baba, to, ina ƙaryar take shigowa?"

Ya ce, "Malam, ƙofofinta huɗu ne, bari in ƙidaya maka."

Ta fari, 'yar gwangwanin takan huje ta sha mai ta nutse, sai allura ta kwanta ƙasa ko da tanki a cike yake. Ta biyu, wayar da ta taso daga tanki takan tsinke ko bakinta ya yi tsatsa, nan ma allura ta kwanta. Ta uku, wayar takan goge ta taɓa ƙarfen mota, sai allura ta haye can sama ta zauna. Ta huɗu ita ce mai hatsari, domin ƙaryarta tana kama da gaskiya. Wutar batir ba ta tsayawa wuri guda, takan kai awo 12 in inji na kashe, ta haura 14 in yana gudu. Sabo da haka maƙera suka sa wani ɗan akwati kamar na ashana a bayan allon direba, aikinsa ya daidaita wutar a kan awo 10 kafin ta isa geji. Shi kuwa ba ya aiki sai jikinsa yana haɗe sosai da ƙarfen mota. In haɗin ya kwance, wutar batir duka ta wuce, allura ta riƙa ƙara wa gaskiya. A motocin da gejin zafin inji ma na lantarki ne, sai ka ga su biyun sun tashi tare, wannan kuwa ita ce alamarsa.

A tawa motar abu biyu suka taru. Tsatsa ta kama gindin siririn ƙarfen nan har ba ya sauka ƙasa sosai, ɗan akwatin kuma tun sāke wayoyin da aka yi bayan 1972 kusa guda ke riƙe da shi, ita ma ta ci tsatsa. Ba laifin maƙera a nan. Ƙarfen da ya shekara wajen sittin yana shan damina da hunturu ya biya bashinsa.

Da muka gama da geji, sai ya bi da ni hanyar fetur tun daga tanki har inji. Famfon irin waɗannan motoci na lantarki ne, yana baya kusa da ƙafa. In ka murɗa makulli zai buga kaɗan ya tsaya, watau kafireta ta cika. In ya yi ta bugawa da sauri ba tsayawa, ko mai ya ƙare, ko tiyo ya tsage yana jan iska, ko kuwa kafireta tana ambaliya. In ya yi shiru ɗungum, bakin wutarsa ne ya manne, a ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukudireba yakan farka ya kai mutum gida, amma wannan lallashi ne, gyara yana nan gaba. Akwai kuma 'yar ƙofar iska a murfin tanki. Ƙurar hunturu takan toshe ta, mota ta yi tafiya kaɗan ta mutu, in ka buɗe murfin ka ji ya yi huci, ka tada ta kuma ta tashi. Cikin zafin Maris da Afrilu, fetur kan tafasa a cikin bututun da ya kusanci inji, tururi ya tare hanya, maganinsa a buɗe bonet a jira ya huce.

Babban abokin gāba shi ne ruwa. Ya fi fetur nauyi, sabo da haka sai ya kwanta a gindin tanki, daidai inda bututu ke zuƙa, yana cin ƙarfe a ɓoye. Wani daga raɓar da ke taruwa cikin tankin da ba a cikawa yake zuwa, wani daga jarkar da ba a rufe da kyau ba. Ruwa ba ya tsami banza, in ka ga matatar mai ta yi ja, tankinka ne ke narkewa. Shi kansa man ba kullum yake zuwa da lafiya ba. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur ƙasar nan wanda sinadarin metanol ya yi yawa a cikinsa, motoci suka lalace, layi ya cika gidajen mai. Irin wannan sinadari yana jan ruwa, yana kuma cin tsohuwar roba, tsofaffin motoci kuwa tiyonsu da fatar famfonsu duk roba ne. Mu da ke ƙauye, inda wani lokaci ba makawa sai an saya hannun 'yan bumburutu, dabararmu ita ce a zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye ta ɗan jima. In da ruwa, za a gan shi ya kwanta a ƙasa. A kuma tace da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari. Kada a zuƙi fetur da baki, kada a kai wutar walda kusa da tanki ko da an juye shi, gama tururin da ya saura a ciki ya fi man kansa saurin kamawa.

Wani abin da ya ba ni mamaki cikin binciken nan shi ne, motocin farko ba su da geji sam. Ford ɗin nan da aka fara yi a Amurka a 1908, tankinta yana ƙarƙashin kujera, sanda ake tsomawa a duba. Volkswagen mai kama da kunkuru ba ta sami geji ba sai 1961. Kafin nan wani ɗan mariƙi ne kusa da ƙafar direba, in mota ta fara tari ya juya shi, ajiyar wajen lita 5 ta buɗe masa. Har gobe manoman fadamun Kudan da Hunƙuyi haka suke da injin ban ruwa, su buɗe murfi su leƙa, ba a taɓa jin geji ya yaudare su ba. Wanda ba shi da geji ya san bai sani ba, sai ya duba. Mai geji maƙaryaci kuwa ya saki jiki.

Sanda ba ta yi mini amfani ba, domin wuyan tankina a lanƙwashe yake. Sai na koma ga abin da na iya. Akawu ba ya yarda da abin da ke cikin akwatin kuɗi sai ya yi daidai da abin da ke cikin littafi, kuma ba ya yarda da littafi sai ya ƙidaya kuɗin. Na sayi ɗan littafi na ja masa layi huɗu: kwanan wata, lambar da agogon tafiya ya nuna, litar da aka zuba, da kuɗin da aka biya. Aka juye tankin sarai, muka riƙa zuba lita biyar biyar, kowane zubi ina rubuta inda allura ta tsaya. Daga nan na cika shi fal, na yi tafiyata ta mako, na sāke cikawa, na raba. Tawa tana shan wajen lita 11 a kilomita 100. Yanzu shaidu biyu gare ni, allura da littafi. In sun yi daidai in tafi, in sun saɓa in tsaya in bincika kafin in bar gari.

Littafin nan ya yi mini wani aikin da ban sa shi ba. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Ga mai albashi irina, kowace lita abincin yara ce. Wani wata na ga lissafi ya tashi daga 11 zuwa 14 alhali tafiyata ba ta sāke ba. Muka bi bututu da tocila, sai ga tiyo yana ɗiga kusa da salansa. Da an bar shi, asarar kuɗi ce ƙarama cikin abin da zai faru. Wani lokaci kuma na biya kuɗin lita 20 a wani wuri, littafi da allura suka haɗu a kan cewa abin da ya shiga bai kai ba. Ban yi faɗa da kowa ba, na dai daina tsayawa can.

Kawu an yi masa aikin ido ɗaya, yana ganin hanya, har yakan karɓi littafin ya duba ko na tsallake layi, don shi ma akawu ne a zamaninsa. Shawarata ga duk mai tsohuwar mota, ko wace iri ce, ya koyi muryar famfonsa, ya sauya tiyon roba tun bai tsage ba, ya wanke tanki bayan damina, ya kuma ajiye ɗan littafi da fensir a aljihun mota. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.