Laifin Ɗan Aike Ne Ko Na Mai Aike?

'Yan uwana ɗalibai, kowa a cikinmu ya san aike iri biyu ne. Akwai wanda za a ce maka, "Je ka sayo gero tiya biyu wajen mai awo na bakin masallaci, in babu ka komo." Akwai kuma wanda za a miƙo maka kuɗi a ce, "Sayo hatsi." In ka kawo dawa kai za a ja wa kunne, alhali kuwa maganar ce ta zo a gutsure.

Yanzu ga sababbin 'yan aike sun shigo, watau manhajojin ƙirƙirarriyar basira waɗanda akan tura su yi wa mutum hidima. Irin wannan ɗan aike jera masa kayan aiki ake yi, wannan na duba yanayi, wancan na nemo farashi, ɗaya kuma na aika kuɗi. Kowanne yana da ɗan bayani mai layi kaɗan, mai faɗin sunansa da amfaninsa da abin da za a cika masa. Ɗan aiken ba ya ganin cikin kayan, bayanin nan kaɗai yake karantawa ya zaɓa. Kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu gina manhaja wannan hanya a watan Yunin 2023, sannan a Nuwamban 2024 Anthropic ya fito da tsarin MCP don a riƙa rubuta bayanan bisa fasali ɗaya.

To, ni mutumin Daura ne, amma ba Daurar rijiyar Kusugu ta Jihar Katsina ba, Daura ta ƙasar Ƙaraye a yammacin Kano. Tun da na zo jami'a, da na faɗi garinmu sai a nemi in ba da labarin Bayajidda. In mutane suna ruɗewa haka, ina ga na'ura? A ce bayanin kayan duba yanayi ya tsaya a kan "Ba da sunan gari." Manomin garinmu ya tambaya ko ya yi shuka, ɗan aike ya rubuta Daura, aka kawo masa hasashen waccan ta kusa da iyakar Nijar, inda damina kan sauka bayan tamu. Irin da ya tanada shekara guda ke nan aka sa a caca. Maƙwabtanmu na Rogo nasu ya fi, gama sunan garinsu sunan amfanin gona ne. In bayanin bai raba gurbin kasuwa da gurbin kaya ba, bai kuma ce farashin na tiya ne ko na buhu ba, mai neman kuɗin masara a Rogo sai a kawo masa kuɗin rogo.

Yaya za a gane bayani mai kyau? Wanda ya rubuta shi ba zai iya yi masa alƙalanci ba, domin ya riga ya san abin da yake nufi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A tattara aike na gaske, kamar guda 50, daga bakin manoma da 'yan kasuwa, waɗanda aka san amsarsu tun farko. A tura ɗan aiken, a duba: ya ɗauki kayan da ya dace? Ya cika gurabe daidai? Da magana ta yi harshen damo, ya tsaya ya tambaya ko ya yi gaban kansa? Sa'an nan a gyara bayanin kawai, a bar ɗan aiken yadda yake, a sake turawa. In kuskure ya ragu, an san inda gizo ke saƙa. A kuma ɓoye wa mai gyaran waɗansu aike, kada ya ɗinka bayanin daidai da jarrabawa.

A 2024 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley sun kafa jadawalin gwada irin waɗannan 'yan aike. Wannan awon ɗan aike ne, awon saƙon kuwa yana jiran masu harshe. Wanda ke rubuta bayani a Amurka bai san Daura biyu ce ba. Mu da muke nazarin Hausa mu muka sani, aikin kuwa namu ne. Allah ya sa mu dace.