Dogon Dutsi a Idon Ɗan Gangara

Wani ɗalibi daga Gangara, a yankin Gazawa, ya yi shekaru yana rubuta «Dogondoutchi» a littafinsa na darasin ƙasa ba tare da ya taɓa jin Hausa a cikin kalmar ba. A wurinsa suna ne mai tsawo da wuyar rubutu, irin wanda ake haddacewa don jarrabawa. Sai da tafiya ta kama shi zuwa Yamai, motarsu ta bi babbar hanya ta ɗaya, ta wuce Maraɗi da Birnin Ƙwanni, sannan ya ga jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai sun yi wa wani gari rumfa. Wata tsohuwa da ke kusa da shi ta ce: «Ɗana, ga Dogon Dutsi nan.» A nan ne yaron ya gane ashe da harshen uwarsa aka raɗa wa garin suna.

Ga wanda ya tashi cikin jigawa da gonakin hatsi da gyaɗa, inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da tudu ba, wannan gari abin kallo ne. Yana zaune cikin Dallol Mawri, tsohon kwarin da kogi ya daɗe da barinsa, amma ya bar ruwa kusa a ƙarƙashin yashi, shi ya sa rijiyoyi da lambuna suke wadata. Duwatsun kuwa ragowar tudu ne da ruwa da iska suka zaizaye, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne Tozon Bijini, wanda kamanninsa da tozon bijimi ya jawo masa suna. Da damina ruwa kan gangaro daga kansu da ƙarfi, ya yi ta cin gonaki da tituna, don haka mazauna suke jera duwatsu a kan gangare domin rage masa gudu.

Wannan ita ce ƙasar Arewa, ta Arawa da Gubawa. Bisa ga tarihin baka, Gubawa ne masu ƙasa, kuma Sarauniyarsu ta farko daga Daura ta taso ta zauna a Lugu, arewa da Dogon Dutsi. Sarautar Arawa kuwa ana danganta ta da Barno. A Lugu ne ake ajiye Tunguma, dutsen da ake kai wa ƙara idan gaskiya ta ɓuya. A can ne kuma, cikin watan Afrilu na 1899, Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta yi ta ƙone garuruwa a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi. An ƙone Lugu, amma Sarauniya ba ta shiga hannu ba.

Ɗalibin ya san wannan labari daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi a 1986. Abin da ba a taɓa gaya masa a aji ba shi ne, rundunar nan ta ci gaba da tafiya gabas har ta shigo ƙasar kakanninsa. A Ɗankori aka harbe Kanal Klobb ranar 14 ga Yuli 1899, kwanaki kaɗan bayan haka sojojin suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Wato labarin da ya hau dutse a Lugu, a maƙwabtan Gangara ya sauka.

Yaron ya komo gida ya tambayi kakansa, sai tsohon ya buɗe baki da abin da shi ma ya ji daga nasa kakan game da shekarar da mutane suka watse cikin daji. Shekara da shekaru labarin na cikin zaure, babu wanda ya nema.

A nan ne aiki ya rage ga malamai da ƙungiyoyin al'adu. Dutse ba ya zuwa ko'ina, amma tsofaffin da suka san sunan kowane tudu da kowace rijiya suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kafin a tambayi yaro yadda ake rubuta sunan gari da Faransanci, ya kamata a fara tura shi zauren kakansa da alƙalami da takarda.