Yawon Kwale-kwale da Yara a Dam ɗin Kazaure



Na san kin sha cin karo a Facebook da hotunan manyan jiragen ruwan shaƙatawa, irin su Icon of the Seas da ya fara ɗaukar fasinja daga Miami ta Amurka a watan Janairun 2024. Jirgi ne mai cin mutum sama da 7,000, da ɗakunan kwana da wuraren wasan yara, kamar gari guda a kan teku. Kuɗinsa ba na kowa ba ne, amma daɗin zama kan ruwa da iyali bai fi ƙarfinmu ba, domin ga dam ɗin Kazaure a kusa da mu.

In kin taso daga Kano ta hanyar Dambatta, duwatsu ne za su fara yi miki maraba kafin ki ga ruwan. Wadda ta fito daga Roni ko Gwiwa ko Babura kuwa, tafiyar yini ɗaya ce, a je a dawo. Da safe ruwan kwance yake, masunta na jan koma, yara kuma ba sa gajiya da kallon tsuntsaye. Ga kifi, tarwaɗa da karfasa, a sayi ɗanye ko a ci soyayye. In lokacin sallah ne, sai ku haɗa da kallon hawan Mai Martaba Sarkin Kazaure, Alhaji Najib Hussaini Adamu.

Sai dai da zarar yara sun hango kwale-kwale za su fara, "Umma, mu ma a ɗana mu!" A nan nake so mu yi magana, ni da ke.

Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai a Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi, kuma lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Allah Ya jiƙansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ko waɗancan manyan jiragen, doka ta wajabta a nuna wa fasinja yadda ake sa rigar kariya da inda za su taru in wani abu ya faru, tun kafin a yi nisa. To ina ga kwale-kwalen katako?

Kafin ku hau, ki dubi jirgin da idonki. In ruwa ya kusa taɓa bakinsa, ko kika ga ana ta kwarfe ruwa daga cikinsa, ki haƙura ki jira wani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ki tambayi matuƙi rigar kariya, kuma ta zama daidai jikin yaro, don babba tana zamewa ta kansa da ya faɗa ruwa. In babu riga, ku yi kallonku daga gaɓa. Kada ku hau da almuru, ko in hadari ya haɗo, ko a tsakiyar damina lokacin da dam ya cika ya batse.

Jariri a bar shi a tudu wurin kaka ko gwaggo. Uwa mai goyo in ta faɗa ruwa, fuskar ɗan ce ke fara nitsewa, kuma kwance zani a cikin ruwa ba abu ne mai sauƙi ba. Hijabinki mai tsawo ki tattare shi, domin in ya jiƙe nauyi yake yi, ya naɗe ƙafa. Kowane ƙaramin yaro ya samu babba guda a gefensa, kowa ya zauna, ban da miƙewa ɗaukar hoto. Mai saurin jiri a ba shi abinci kaɗan marar maiƙo, ya riƙa kallon nesa.

Akwai kuma haɗarin da ba ya nuna kansa a ranar, wato tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai wasa a bakin dam. Bayan makonni ko watanni sai ki ga jini a ƙarshen fitsarin yaro. A asibiti muna ganin iyayen da ke ɗaukar wannan alamar balaga ce. Ciwo ne, yana lalata mafitsara in an bar shi, kuma yana da magani, praziquantel, wanda ma'aikacin lafiya ke bayarwa gwargwadon nauyi ko tsayin yaro. Don haka a hana su tsoma ƙafa, ki kuma taho da ruwan shanku daga gida, da hula, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa.

In kuwa, Allah Ya kiyaye, wani ya faɗa ruwa, wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi. A miƙa masa gora ko igiya, a jefa masa jarka mai murfi, a ƙwala wa masunta kira. In an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji. Ko ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan sa'o'i.

Ki shirya wannan da Abban yara tun a gida, ku fita da hantsi, ku juyo kafin la'asar sakaliya. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya raya mana zuri'a.