Ranar da Teku Ya Janye a Paje

Iyalin da suka sauka Paje, a gabashin tsibirin Zanzibar, da niyyar wuni cikin ruwa, sukan wayi gari su tarar teku ya janye can nesa, ya bar rairayi fari fat. Wata ne ke jan ruwan, ya cika ya janye sau biyu a kwana, janyewar kuma ta fi nisa a tsayuwar wata da cikarsa. A ganina ranar ba ta lalace ba. A lokacin ne matan ƙauyen ke shiga gonakinsu na ciyawar teku, sana'ar da ta kankama tun 1989, suna ɗaure tsiro a igiyoyi tsakanin turaku. Da ruwa a cike yake, da yara ba su san akwai gona a ƙarƙashinsa ba.

Wani zai ce maigida ya kashe kuɗi, kuma iyo aka yi wa yara alkawari. Gaskiya ne, ɓacin ran yaro ba abin rainawa ba ne. Amma ruwan zai dawo cikin kamar awa shida, matan kuwa kafin nan sun kwashe kayansu sun koma gida.