Daga Bankin Amurka Zuwa Rumbun Kawu

A Kademi babu mai kwana da tunanin babban bankin Amurka, amma hukuncinsa yana isowa har bakin rumbu. Daga Maris 2022 zuwa Yuli 2023 bankin ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari, don ya danne tsadar kaya. Bashi ya yi tsada, masu zuba jari suka noƙe, kamfanonin fasaha suka shiga rage ma'aikata. Meta ya sallami 11,000 a Nuwamba 2022, Google ya sallami 12,000 a Janairu 2023.

Ni wani ƙaramin kamfani nake rubuta wa manhaja daga Kano, ana biya na da dala. Da jari ya ƙafe musu, 'yan kwantiragi na nesa aka fara ajiyewa. Saƙon bai wuce layi huɗu ba. Daga wannan albashi nake sayen takin gonarmu ta gado, wadda Kawu ke nomawa. Daminar 2023 buhu biyu na iya aikawa maimakon shida, ga shi an cire tallafin fetur, kuɗin mota daga Gaya ya tashi.

Da na kira don in yi bayani, Kawu ya ce, "Ɗana, ai mun ga irinta a 2016." Gaskiyarsa. Tattalin arzikin Sin ya yi sanyi a 2015, Amurka kuma ta cika kasuwa da mai, gangar da ta haura dala 100 a 2014 ta faɗo ƙasa da 30 a Janairu 2016. Kason da Abuja ke rabawa jihohi da ƙananan hukumomi ya ragu, mai albashi ya rage cefane, mai sayar da wake ya koma gida da kayansa.

Manyan ƙasashe suna auna koma baya da alƙaluma. A garinmu da akuyar da aka sayar ake aunawa, da auren da aka ɗaga sai bayan kaka.

Waccan daminar Kawu ya ƙara takin gargajiya, ya haɗa gero da wake, ya ware gefe ɗaya ga riɗi. Ni ma yanzu rabin aikina na 'yan kasuwar Kano ne, masu biya da naira. Kuɗin bai kai na da ba, amma idan ciniki ya tsaya, ina iya hawa adaidaita in je shago mu yi magana.