Safar dala ɗari da ta ci mini kwana 17



Jiya da marece na biyo ta wani shantiye a unguwar Zariya, nan cikin Maradi, na tarar da wani yaro da bai wuce shekara 16 ba yana kwasar kwaɓaɓɓen siminti. A hannunshi akwai safar hannu ta zare, irin farar nan mai ɗigo-ɗigon baƙar roba a tafi, ta jiƙe sharkaf. Na tsaya na ce mishi, "Ƙanena, cire wagga safa ka je ka wanke hannu yanzu-yanzu." Ya dube ni kamar na zauce. Ban ga laifinshi ba, don ni ma da wani ya faɗa mini haka a shekarun baya, irin kallon da zan yi mishi ke nan.

Ni wajen kawuna na koyi aikin gini. Kawu magini ne na gaske, amma in ya ga lebura da safar hannu, dariya yake yi har da riƙe ciki. Sai ya ce, "Kai ɗana, hannun namiji ai shi ne safarshi. In kana tsoron kaushi, tafi ka nemi aikin biro." Saboda wannan gori na yi shekara biyu ina sauke bulo da lanƙwasa ƙarfe hannu tsirara. Lokacin hunturu yatsuna su tsattsage, in na zo alwalar asuba ruwa ya shiga kamar an zuba barkono.

Ranar da za mu zuba dal, wato rufin kankare na wani gida, na ce yau kam ko Kawu zai yi dariya sai na sa wani abu. Na biya shagon kayan gini. Mai shagon ya nuna mini ta roba mai kauri, doguwa har kusa da gwiwar hannu, jikka biyu. Ya nuna mini ta zare, dala ɗari. Na ce ai duk safa safa ce, na ɗauki ta dala ɗari, ina murna na yi wayo.

Tun hantsi muke ɗaukar kankare har bayan la'asar. Safar ta jiƙe tun a kwanon farko, ban cire ba, don ban ji zafin komai ba. Sai da magariba, da na zo zare ta, na ga fatar yatsuna ta yi fari ta yi laushi kamar an dafa. Kafin gari ya waye ta fara saluɓewa. A likita lokotoro ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba: jiƙaƙƙen siminti yana cin fata irin yadda soda mai ƙarfi ke ci, kuma ba ya yin zafi nan take, sai bayan awoyi, lokacin ya riga ya yi ɓarna. Safar zare kuwa ta tsotse ruwan simintin ta manna mini shi a fata wuni guda. Ashe da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kwana 17 na yi ban ɗauki ko bulo ɗaya ba. A lokacin jikka biyu da rabi nake samu a wuni, kun ga jikka 42 da rabi ke nan suka tafi, ban da kuɗin magani. Abin da ya fi ci mini rai ma, ni da nake ciyar da gida, sai ga maiɗakina tana ba ni tuwo a baki da cokali, yara na kallo. Duk don na ƙi cika jikka ɗaya da rabi.

Tun daga nan na shiga tambaya wajen masu walda, masu lambu da dukawa. Abin da na gane shi ne, kowane aiki da tashi safar, kuma wadda ta cece ka a wani aikin ita za ta cuce ka a wani.

In aikinka siminti ne ko kankare, nemi ta roba mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa, mai tsawo ta rufe wuyan hannu. Kafin ka biya, hura mata iska ka matse bakin, in tana da huji za ka ji. In siminti ya faɗa ciki, kar ka ce bari in ƙarasa, cire ka wanke hannu da ruwa mai yawa.

In sauke bulo ne, ko ɗaurin ƙarfe, ko jan waya mai ƙaya, ko saran ƙaya don shingen gona, fata ce maganinsu. Fatar saniya ta fi kauri, ita ta dace da dutse da ƙarfen da ya sha ranar watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Fatar akuya ta fi laushi, yatsa na motsi a cikinta, ga ta da ƙwari. Abin ma da ke ba ni haushi, fatar jar akuyarmu ta Maradi ta yi suna har Turai, can ana ɗinka safar hannu da jakunkuna masu tsada da ita, mu kuwa masu akuyar muna sayen ta zare da ke yagewa kafin azahar. Ni dai yanzu wani baduku ke ɗinka mini tawa. Na zana mishi hannuna a kwali, na ce ya ninka fata a tafi da tsakanin babban yatsa da manuniya, don nan ne take fara mutuwa.

Masu walda, taku fata ce mai kauri, doguwa. Ta roba in tartsatsi ya faɗa mata narkewa take yi ta manne a jiki.

Ƴan uwa masu lambu, na Jiratawa da masu albasar Galmi, in za ku yi feshin maganin ƙwari kar ku sa ta fata ko ta zare. Suna shan maganin su riƙe, gobe in kun sa, guba ce kuka sa a hannu. Ta roba marar shafin auduga a ciki ita ce daidai, a wanke ta da sabulu kafin a cire, kuma kar a ajiye ta inda yara ke wasa.

Akwai kuma wurin da ba a sa safa sam: kusa da injin niƙa, injin sussuka, ko duk wani abu mai juyawa da bel. In ya kama bakin safar, da hannun zai tafi. Haka nan safar roba ta kasuwa ba ta tare wutar lantarki, masu wannan aikin tasu daban ce.

In ka samu ta kanti, duba bayanta. Wasu suna da hoton garkuwa da guduma a ciki, an rubuta EN 388, da lambobi a ƙasa. Huɗun farko suna nuna juriyarta ga goga, da yanka, da yagewa, da huda. Ta yanka tana kaiwa 5, sauran iyakarsu 4, kuma yadda lamba ta fi girma haka ƙwarin ya fi. Mai aikin ƙaya ya dubi ta huɗu, mai bulo ya dubi ta farko. Sannan ka sa ta a hannu tun a shago, ka dunƙule, ka gwada ɗaukar ƙusa. In ta yi maka yawa kayan aiki za su riƙa suɓucewa, in ta matse ka za ka gaji ka jefar. Ja ɗinkin da ƙarfi, in zare ya buɗe, ajiye mishi kayanshi. Ta fata in ta jiƙe, a inuwa ake shanya ta, rana na busar da ita ta ƙage. Ɗan man kaɗe kaɗan yana maido mata da laushi.

Bara na je gaida Kawu, ya daina fita aiki. Muna zaune ya miƙo hannu zai karɓi kofin shayi, na ga yatsun sun ƙage, fatar duk tabo, sai da ya haɗa hannu biyu kafin ya riƙe. Ya lura ina kallo. Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, wagga safa taka, har yanzu kana sa ta?" Na ce, "Ina sawa, Kawu." Ya ce, "To, ka saya wa yaran da ke ƙarƙashinka su ma. Mu ba mu sani ba."

Saboda haka yau da safe na koma shantiyen nan na Zariya da safar roba a leda. Yaron ya karɓa yana jin kunya, abokan aikinshi na ta yi mishi tsiya. Na ce su yi ta yi, ni na san kuɗin wannan dariyar.

Masu ba da aiki, don Allah ku sa kuɗin safa cikin lissafin kayan aiki, kamar yadda kuke sa na shebur da baro. Allah ya tsare mana hannuwanmu, ya sa albarka a neman halak ɗinmu. Amin.